BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN YADDA AKE SHIRYA ƊALIBAN YANKIN MORIKI WA TAMBAYAR MIƘAƘƘEN LAYI

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi sharhi a kan hanyar da aka saba bi wajen shirya ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare domin amsa tambayoyin aljabara da suka shafi zana miƙaƙƙen layi a takardar giraf, da kuma fassara abin da layin ya ƙunsa. An taƙaita sharhin ne a kan garin Moriki da ke ƙaramar hukumar Zurmi, da maƙwabtansa na Ƙaura Namoda da Shinkafi a arewacin jihar Zamfara, domin a wannan yanki ne mai wannan bincike ya yi aikin gwajin koyarwa. Abin da ake son a nuna shi ne, hanyar tana koya wa ɗalibi zana layi, amma tana barinsa bai iya karanta layin da ya zana da hannunsa ba.

Lamarin yana da muhimmanci ga yaron wannan yanki, domin kuwa yawancin fannonin da zai nema a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, sai da kiredit a lissafi ake shigarsu. Wanda ya rasa shi a jarrabawar WAEC ko ta NECO, sai iyayensa sun sake biyan kuɗin wata jarrabawar, in suna da hali.

Kafin a shiga sharhin, ya kamata a fayyace kalmomin da za a yi amfani da su. Layin da ake jera ƙimar x a kansa an kira shi layin kwance, wanda ake jera ƙimar y kuwa layin tsaye, wurin da suka haɗu kuma cibiya. A cikin y = mx + c, adadin da m yake wakilta, wanda ɗalibai suke kira giradiyan, an kira shi karkata. An guji kalmar gangara, duk da cewa ita ce ta fi saurin zuwa baki, saboda gangara ƙasa kurum take yi, alhali layi yakan hau, yakan kuma sauka. Adadin da c yake wakilta kuwa, wato inda layi ya yanki layin tsaye, an kira shi mafari.

4.1 Matakan da Ake Haddacewa

Duk wanda ya zauna a ajin bitar jarrabawa ya san yadda darasin yake tafiya. Malami zai rubuta y = 2x + 3 a allo, ya ce a ɗauki x daga −2 zuwa 3. Za a ja jadawali, a cike shi da −1, 1, 3, 5, 7 da 9. Daga nan sai a zaɓi sikeli, a ɗiga ɗigo shida, a aza rula a haɗa su. Idan layi ya fito sambal, darasi ya ƙare, sai a koma tambayar shekarar da ke biye a littafin tsofaffin tambayoyi.

Ba za a ce wannan hanya ba ta da dalili ba. Takarda ta biyu ta lissafin WAEC, wadda ake nuna aiki a cikinta, takan zo da tambayar giraf mai fasali kusan iri ɗaya: a kwafi jadawali a cike, a zana da sikelin da aka bayar, sannan a karanta wasu amsoshi daga zanen. Galibi lanƙwasasshen layi ake fara zanawa, miƙaƙƙen kuma ya biyo baya domin a nemi inda suka haɗu. Tun da ana ba da maki a kan kowane mataki, malamin da ya horar da ɗalibansa a kan jadawali da ɗigo ya tabbatar musu da wani kaso na makin ke nan. Haka kuma tilas a yi wa malaman wannan yanki adalci ta fuskar lokaci. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun, wanda ya biyo bayan na 'yan matan Jangebe a watan Fabrairun shekarar, gwamnatin jihar ta rufe makarantu. Yaron da ya yi ƙaramar sakandare a irin wannan yanayi ya iso babban aji da giɓi, kuma a ƙaramar sakandaren ne ake aza harsashin giraf. Malamin da ya gaji irin wannan aji, ga jarrabawa ta matso, ba abin mamaki ba ne ya kama abin da za a iya haddacewa.

Sai dai kuma uzuri ba ya sauya sakamako. Abin da ake kira aljabara ya samo sunansa ne daga littafin da Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, shi kuwa haɗa aljabara da zane an fi danganta shi da littafin René Descartes na Faransa na 1637. Amfanin wannan haɗi shi ne ido ya ga dangantakar da ke tsakanin abu biyu masu sauyawa tare. A ajin bita kuwa ba a taɓa gaya wa ɗalibi mene ne x ko mene ne y ba. Haruffa ne kawai. Saboda haka idan aka tambaye shi abin da 2 take nufi a y = 2x + 3, iyakarsa ya ce giradiyan ce; idan aka ce to mene ne giradiyan, sai ya karanto ƙa'idar da ya haddace, ta bambancin y bisa bambancin x. Amsar daidai ce, amma karatun aku ne.

A nan ya kamata a lura cewa laifin bai rataya duka a wuyan littattafan karatu ba. Littafin New General Mathematics na Channon da abokan aikinsa, wanda makarantun ƙasar nan suka daɗe suna amfani da shi, ya ƙunshi giraf na tafiya da na canjin ma'auni, waɗanda dukkansu fassara suke koyarwa. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar an shiga zangon jarrabawa sai a ajiye littafin karatu a ɗauki na tsofaffin tambayoyi, shi kuwa wannan amsa yake bayarwa, ba ya tsayawa bayani.

4.2 Kuskuren Sikeli

Akwai wani kuskure da mai wannan bincike ya yi ta cin karo da shi a littattafan ɗalibai, wanda yake tona asirin hanyar baki ɗaya. A ɗauka an ce a zana y = 5x, da sikelin santimita 2 ga ɗaya a layin kwance, da santimita 2 ga biyar a layin tsaye. Layin da zai fito zai raba kusurwar cibiya biyu daidai, wato duk gida ɗaya da aka matsa dama, gida ɗaya ake hawa. Idan aka ce a nemo karkata daga zanen, sai ɗalibi ya ƙirga gidajen takarda kamar mai ƙirga gidan dara, ya ce gida huɗu bisa gida huɗu, ya rubuta 1. Amsar kuwa 5 ce, kuma ga ta nan a rubuce a cikin tambayar da ya fara da ita.

Wannan ba kuskuren ganganci ba ne. Ɗalibin ya ɗauki karkata a matsayin siffar da ido yake gani a takarda, domin haka aka nuna masa. Da ya san cewa layin kwance tiyoyin gero ne, layin tsaye kuma kuɗinsu, da ba zai yarda da amsar da ta ce farashi ya sauya don kawai an sauya faɗin gidajen takarda ba.

4.3 Abin da Layi Yake Faɗa

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan hanyar haddar matakai ita ce, yaron Moriki ya riga ya san ma'anar karkata da mafari tun kafin ya shiga aji, sunayensu ne kawai bai sani ba.

Alal misali, tun bayan canjin kuɗi na 1 ga Janairu, 1973, lokacin da fam ɗaya ya koma naira biyu, jakar kuɗi ta fam 100 ta zama naira 200, kuma har yau ana ciniki da jaka a kasuwannin ƙasar Hausa. Yaron da aka aika kasuwar Shinkafi aka ce masa abu jaka bakwai ne, ba ya neman takarda kafin ya san naira 1,400 ake nufi. Abin da ya yi a kansa shi ne y = 200x. Karkatar wannan layi ita ce 200, ma'anarta kuma naira 200 a kowace jaka. Layin ya ratsa ta cibiya saboda babu jaka, babu naira.

Mafari kuwa yakan fito ne a inda ake biyan wani abu tun ba a fara aiki ba. A ɗauka mai lambu yana son hayar injin ban ruwa (alkaluman nan na misali ne kawai). Mai inji na farko ya ce a ba shi naira 2,000 kuɗin kawo inji, sannan naira 500 a kowace awa. Na biyu ya ce shi ba ya karɓar kuɗin kawowa, amma naira 900 ne a kowace awa. Na farko shi ne y = 500x + 2000, na biyu kuma y = 900x. Idan aka zana su a takarda ɗaya za su haɗu a awa 5, inda kowannensu ya kama naira 4,500. Ɗalibin da aka horar da tsofaffin tambayoyi zai rubuta x = 5, y = 4500, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Amma amsar da mai lambu yake bukata tana gefen mahaɗar ne: in aikinsa bai kai awa biyar ba, na biyu ya fi masa sauƙi, in ya wuce, na farko ya fi. Wannan karatu na hagu da dama da mahaɗa shi ne ba a koyarwa, kuma shi ne ake bukata idan aka zo tambayoyin rinjaye, inda ake neman yankin da wani adadi ya fi wani.

Misalin da ya fi yi wa mai wannan bincike amfani a aji shi ne na rumbu, kuma za a ɗan tsaya a kansa domin a nan ne ɗalibai suka fi shan wahala, wato layi mai sauka. An ce musu wani magidanci ya zuba dami 60 na gero a rumbu da kaka, gidansa kuma yana cin dami 5 a kowane wata. Abin da ya rage bayan wata x shi ne y = 60 − 5x. Mafari a nan shi ne abin da aka zuba ran farko. Karkata kuwa −5 ce, alamar ragi da ke gabanta tana nuna cewa rumbu raguwa yake yi. Inda layin ya taɓa layin kwance, wato wata na 12, nan ne rumbu ya zama fayau. Sannan aka ce musu, to idan ƙanen maigidan ya taso daga ƙauye da iyalinsa saboda rashin tsaro, ci ya koma dami 6 a wata fa? Babu wanda ya nemi a sake ja masa jadawali. Suka ce wata goma zai ƙare. Da aka zana layin na biyu, suka ga ya tashi daga wuri ɗaya da na farko, amma ya fi shi saurin faɗuwa, kuma tazarar da ke tsakanin 10 da 12 a layin kwance ita ce wata biyun da gidan zai yi yana awo a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya fi tsada.

A wannan darasi ne mai bincike ya zarce da rula har layin ya shiga ƙarƙashin layin kwance, kamar yadda aka saba yi a tambayoyin jarrabawa, ya kuma tambaya ko wannan ɓangare yana da ma'ana. Wani ɗalibi da ba ya yawan magana a aji ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wanga na ƙasa ai bashi na.” Wato abin da maigida zai ranto ke nan bayan nasa ya ƙare. Wannan ɗalibi a makon da ya gabata ya kasa cike jadawali saboda ninka adadi mai alamar ragi. Ba za a ce darasi ɗaya ya warware masa matsalarsa ba, domin bai warware ba. Ya ci gaba da yin kuskure a ninkawa. Abin da ya sauya shi ne, ya fara duban amsarsa yana tambayar kansa ko ta yi kama da gaskiya.

4.4 Iyakar Misalan Gida

Duk da abin da aka faɗa a sama, kuskure ne a ɗauka cewa da an musanya x da gero an gama. Masu kiran a koyar da lissafi da misalan gida sau da yawa sukan tsallake wata gaskiya, ita ce yawancin al'amuran kasuwa da gona ba miƙaƙƙen layi suke bi ba. Mai sayen tiya ɗaya da mai sayen buhu ba farashi ɗaya ake yi musu ba, ga ragi, ga gyara. Gida ba ya cin hatsi daidai wa daida kowane wata, akwai azumi, akwai suna da biki. Motar da ta tashi daga Ƙaura Namoda za ta Shinkafi ba gudu ɗaya take yi ba, tana tsayawa a Moriki ta sauke ta ɗauka. Idan malami ya ɓoye wannan, ɗalibi mai wayo zai gane an yi wa misalin kwaskwarima, ya koma ɗaukar lissafi a matsayin abin da ba ya aiki sai a allo. Abin da ya fi shi ne a faɗa a fili cewa an ƙaddara ci bai sauya ba, sannan a tambayi ɗalibai yadda zanen zai kasance in ya sauya.

Haka nan akwai batun inda layi ya halatta ya fara da inda ya kamata ya tsaya, wanda ajin bita ba ya taɓawa ko kaɗan. Zakkar hatsi misali ce mai kyau a nan, domin kusan kowane ɗan manomi ya ga ana fitar da ita. Abin da aka noma da ruwan sama ɗaya bisa goma ake fitarwa, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya bisa ashirin. A ido, layuka biyu ne masu tashi daga cibiya, y = x/10 da y = x/20. Amma zakka ba ta wajaba sai amfani ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, sa'i 300 ke nan. Saboda haka daga sifiri har zuwa ƙasa da 300 zanen yana kwance ne a kan layin kwance, sai a 300 ya yi tsalle zuwa sa'i 30 ga noman damina, ko 15 ga na ban ruwa, daga nan ya miƙe. Ɗalibin da ya aza rula tun daga cibiya ya zana layi mai kyau, amma ya aza wa talaka zakkar da ba ta hau kansa ba. Irin wannan ne kuma idan x awaki ne ko buhunan da ba a fasawa: ɗigo ya kamata a bari, domin tsakanin akuya biyu da uku babu komai.

4.5 Matsalar Harshe

Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da darussan firamare har da lissafi da Yarabanci na shekara shida, ya nuna cewa harshen gida yana iya ɗaukar wannan nauyi. Amma a sakandare jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, kuma babu alamar hakan zai sauya. Abin da yake faruwa a zahiri a azuzuwan da mai bincike ya shiga shi ne, malami yana rubutu da Ingilishi, yana bayani da Hausa. Wannan ba aibu ba ne. Aibun shi ne abin da ake zaɓa a fassara. Umarni ake fassarawa: ja layi nan, ɗiga nan, ɗauki wannan ka raba da wancan. Kalmomin da suke ɗauke da ma'ana kuwa, irin su giradiyan, sai a bar su yadda suke, ɗalibi ya haɗiye su ba tauna.

A ra'ayin mai wannan bincike, juya lamarin ya kamata a yi. Umarnin jarrabawa kaɗan ne, kuma maimaita kansa yake yi kowace shekara, don haka ɗalibi zai iya riƙe shi da Ingilishi ba wahala. Ma'ana ce take bukatar Hausa. Hausa kuwa tana da hanyar faɗin karkata a cikin maganar yau da kullum, ita ce ninka adadi: biyar-biyar, ɗari-ɗari, nawa-nawa. Mai tallar ƙosai da aka tambaya “nawa-nawa?” karkatar layinta aka tambaye ta. Idan ɗalibi ya saba, bayan kowane layi da ya zana, ya faɗa da bakinsa cewa wannan ya fara daga uku yana ƙaruwa biyu-biyu, to zai iya duban y = 2x + 3 ya san fasalin layin tun bai ja jadawali ba, zai kuma iya gane ɗigon da ya kauce. Wannan yana da amfani musamman a takarda ta farko, mai tambayoyi 50 na zaɓi, inda babu lokacin jan jadawali.

Za a iya cewa wannan ƙarin aiki ne ga malamin da lokaci ya riga ya ƙure masa, kuma mai maki ba zai ba da ko ɗaya a kan bayanin rumbu ba. Haka ne. Amma jumla ɗaya ce a bayan kowane zane, ba ta kai minti biyu ba. Wadda ta fi ta wuyar magani ita ce matsalar kayan aiki. A ajin da mai bincike ya koyar, ɗalibai da dama ba su da littafin giraf, a littafin rubutu suke jan gidaje da rula, wani ma da gefen biro. Gidajen nan ba su da ƙananan rabe-raben milimita biyu-biyu da ke takardar jarrabawa, saboda haka ɗigo irin 2.4 ko −1.6 kintatarsa ake yi. Sai da mai bincike ya sayo littafi ɗaya a Ƙaura Namoda ya yayyage shi ya raba falle-falle, sannan wasu daga cikinsu suka fara sanin cewa idan santimita 2 tana wakiltar biyar, kowane ƙaramin gida rabi ne.